An ce idonta lafiya lau, amma ba ta ganin kofin da ke gabanta

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu shekarunta 71, kuma shekara biyu ke nan da aka ce mana tana da ciwon mantuwa. Yanzu ganinta ne ya fi tayar mana da hankali. Sai a ajiye mata kofi a gabanta ta yi ta lalube, amma in allura ta faɗi ƙasa wani lokacin ita ke fara hango ta. Ta bar karatun Alƙur'ani da ta saba yi kullum bayan Asuba, ta ce layukan gudu suke yi mata. In ta zo bakin ƙofa sai ta tsaya cak ta ƙi tsallakawa. Sau biyu muna kai ta asibitin ido, an canza mata tabarau, an ce idon ba shi da wata matsala. Yayanmu ya ce rigimar tsufa ce kawai, wasu dangi kuma sun ce a nemo mai ruƙiyya. Shin ciwon mantuwa yana taɓa ido?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Ciwon mantuwa yana taɓa gani, kuma yana iya taɓa shi sosai ba tare da ya kusanci ƙwayar idon ba. Likitan da ya ce muku idonta lafiya yake, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Hajiya ma da ta ce ba ta ga kofin ba, gaskiya ta faɗa. Na fara da wannan ne don na san abin da ke biyo baya a gida in an dawo daga asibiti da labarin "ido lafiya": sai a fara yi wa tsohuwa kallon mai neman a lallaɓa ta, a riƙa ce mata "ga shi nan fa a gabanki". Sai an duba Hajiya ido da ido za a iya sa wa ciwonta suna, amma abin da kika zayyana na sha ganin irinsa a ɗakin duba marasa lafiya. Maganar allurar nan da kuke ɗauka hujja ce ta cewa tana gani, a wurina ita ce ta fi nuna inda ciwon ya kama.

Ki miƙa hannunki gaba ki dubi farcen babban yatsanki. Kusan faɗin wannan farcen shi ne iyakar abin da ido ke gani tar a lokaci guda. Duk abin da ke gefensa dishi-dishi muke ganinsa, sai dai ba ma lura, domin ido ba ya zama wuri ɗaya. Yana tsalle kamar sau 3 a kowace daƙiƙa, daga fuska zuwa hannu, daga hannu zuwa ƙofa, sama da tsalle dubu 100 a wuni, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa guntayen ta ba mu ɗaki cikakke. Tun wajen 1878 wani likitan ido a Faransa, Émile Javal, ya bayyana cewa mai karatu ba ya jan idonsa sumul a kan layi, tsalle yake yi yana ɗan tsayawa. Kowane ido yana da tsoka 6 masu juya shi, jijiyoyi 3 kuma ke kawo musu umarni daga ƙwaƙwalwa. A yawancin masu ciwon mantuwa tsokokin nan da jijiyoyinsu ƙalau suke. Mai ba da umarnin ne ya samu rauni.

Ido ɗan aike ne, inda aka tura shi can yake zuwa. Wani masani a Rasha, Alfred Yarbus, ya nuna haka a shekarun 1950 da 1960. Ya ba mai kallo zanen wasu mutane a cikin ɗaki, yana auna inda idonsa ke sauka. Da ya ce masa ya kintaci shekarun mutanen, sai idon ya yi ta zagaya fuskoki. Da ya ce ya kintaci arzikin gidan, sai idon ya koma kan tufafi da kayan ɗaki. Zanen dai shi ne, tambayar da ke zuciyar mai kallon ce ta juya idon.

Saƙon da ido ya ɗauko yana sauka ne a can bayan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta gangara ta gefen kai, saitin kunne, aikinta ta ce wannan kofi ne, wannan fuskar 'yata ce. Ɗayar ta haura wajen tsakar kai, aikinta ta ce kofin yana dama da faranti, nisansa kaza, ga yadda hannu zai kai gare shi. Sashen gaba kuma, wanda ke bayan goshi, shi ke riƙe da linzami, ya ce a dubi nan a ƙyale can. Cutar Alzaima, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon mantuwa, takan fara ne daga ma'ajiyar tunawa sannan ta bazu zuwa waɗannan hanyoyi. Shi ya sa iyali kan fara ganin mantuwa, bayan 'yan shekaru su ga lalube.

In aka auna motsin idon mai wannan cuta da na'ura, akwai abubuwan da ke ta maimaituwa. Idon yakan yi nawa kafin ya zabura zuwa abin da aka nuna masa. In ya zabura yakan sauka kafin ya kai, sai ya ƙara ɗan tsalle. In aka ce ya tsaya a kan abu ɗaya, sai ya riƙa zamewa yana dawowa. In ana jan yatsa a hankali aka ce ya bi, sai ya bi yana tsinkewa yana kamowa. Waɗannan duk ƙanana ne, tsufa kaɗai ma yana kawo wasu daga cikinsu, kuma ba su ne ke wahalar da mutum a gida ba.

Wanda na fi ba muhimmanci shi ne gwajin kau da ido, kuma ba ya buƙatar na'ura. Nakan zauna gaban majinyaciya in ɗaga hannuwana biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, in ce ta dubi hancina. Sai in ce mata: in na motsa yatsan wannan hannun, kada ki dube shi, ki dubi ɗayan. Da jin sa kamar wasan yara, amma ɗabi'ar ido ce ya zabura wajen abin da ya motsa, sai sashen goshi ya ja linzami da ƙarfi kafin a juya shi. Peter Hallett ne ya fito da gwajin a Kanada a 1978. Mai lafiya ma yakan yi kuskure jefi-jefi, amma nan take yake gyarawa. A 2005 Trevor Crawford da abokan aikinsa a Jami'ar Lancaster ta Ingila suka nuna cewa masu Alzaima sun fi yawan kuskuren, kuma abin da ya fi bambanta su da sauran tsofaffi shi ne in idon ya tafi inda aka hana, sau da yawa ba ya dawowa ya gyara.

To, ki kawo wannan tsakar gidanku. Hajiya tana cin tuwo, jika ya gifta da gudu, iska ta kaɗa labule, kaza ta shigo, talabijin yana ta walƙiya a gefe. Kowannensu sai ya fizge mata ido, kuma babu mai dawo da shi kan kwano. Sai a ce ba ta son abincin, a ɗauke. Na sha ganin tsofaffin da suka rame aka yi ta neman ciwon ciki, alhali a inda ake ba su abincin ne matsalar take.

Neman abu da ido ma iri biyu ne. In aka sa jan tumatir ɗaya a tiren ƙwai, ba sai an nema ba, shi ke kiran ido da kansa, kuma wannan yakan daɗe bai lalace ba. Amma neman takalminki a ƙofar gidan biki cikin takalma 50, sai kin haɗa launi da girma da siffa, kin bi su ɗaya bayan ɗaya, kin kuma riƙe a kai waɗanda kika riga kika duba. Wannan ne ke fara rushewa. Bayan haka faɗin abin da hankali ke iya rungumewa a kallo ɗaya yana tsukewa, ya zama kamar mai haska ɗaki da ƙaramar tocila a daren da aka ɗauke wuta. Abin da hasken ya sauka a kansa shi kaɗai ne a ɗakin.

Nan amsar allura take. Allura ƙarama ce, tana ƙyalli, ta faɗi ta yi motsi, ga ta ita kaɗai a kan siminti. Ta kira idon da kanta, kuma ta shige cikin ɗan hasken tocilar gaba ɗaya. Kofi kuwa yana zaune shiru a kan tire tare da cokali da fulas da gwangwanin madara da burodi, a bisa ledar cin abinci mai furanni. Sai an tura ido ya zaɓo shi, sannan a tura hannu ya same shi, kuma waɗannan biyun su ne suka raunana. A 1909 wani likita ɗan ƙasar Hangari, Rezső Bálint, ya rubuta labarin wani mutum da toshewar jijiyoyin jini ta lalata masa saman bayan ƙwaƙwalwa ta ɓangarori biyu. Idonsa lafiya, amma abu ɗaya tak yake iya gani a lokaci guda, idon ba ya zuwa inda yake so cikin sauƙi, in ya miƙa hannun dama kuma sai ya sauka gefen abin. Har yau sunan wannan likita muke kiran haɗuwar alamomin nan uku da shi, kuma muna ganinsu a masu ciwon mantuwa da cutar ta kai wannan sashe.

Akwai ma wani nau'i da daga can bayan yake farawa. Frank Benson a Amurka ya bayyana shi a 1988, ana ce masa ƙanƙancewar bayan ƙwaƙwalwa. Yawanci Alzaima ce ta shigo ta ƙofar baya. Yakan kama mutum tsakanin shekara 50 zuwa 65, tunaninsa da maganarsa suna nan daram a farko, sai karatu da tuƙi da zura maɓalli su gagara. Irin waɗannan sukan shekara biyu ko uku suna yawo tsakanin masu tabarau kafin wani ya tuna da ƙwaƙwalwa. Don haka ku zauna ku tuna da kyau: a wurin Hajiya, mantuwa ce ta riga zuwa ko laluben? Likita zai so jin wannan amsar.

Batun Alƙur'ani ya taɓa min rai, domin na san abin da rabuwa da shi yake nufi ga wadda ta shekara da shekaru tana buɗe shi kowace safiya. Babu aikin da ya kai karatu buƙatar tsallen ido mai tsari: ƙananan tsalle daga dama zuwa hagu, sannan babban tsalle ɗaya zuwa farkon layi na gaba. In wannan babban ya kauce, sai ta koma layin da ta gama ko ta haura biyu, shi ne take cewa layukan suna gudu. Ga kuma cunkoso, baƙaƙe da wasulla da ɗigo a matse suna hawa kan juna. Abin da 'ya'ya kan yi shi ne su sayo bugu mai manyan baƙaƙe, kuma ga mai yanar ido wannan daidai ne. Ga mai irin matsalar da muke magana a kai kuwa, babban baƙi yana iya fin ƙarami wuya, domin ya fi faɗin abin da take iya ɗauka a kallo ɗaya, sai ta ga kan harafi ba ta ga wutsiyarsa ba. Ku samo farin kwali ku yanke masa taga daidai layi ɗaya, a ɗora a shafin a riƙa saukar da shi a hankali. In ya yi, alhamdu lillahi. In bai yi ba, abin da ta haddace tun ƙuruciya yakan daɗe bayan sauran abubuwa sun tafi. Ki zauna kusa da ita bayan Asuba ki ja baƙi ta bi ki, ko a kunna mata ƙira'ar da kunnenta ya saba da ita.

Tsayawa a bakin ƙofa kuma matsalar zurfi ce da bambancin launi. Ƙwaƙwalwar da ta raunana takan karanta canjin launin ƙasa a matsayin matakala ko rami. Baƙin abin goge ƙafa a ƙofar ɗaki sai ya zama rijiya, tayil mai ƙyalli ya zama ruwa, inuwar rumfa da ta ratsa tsakar gida ta zama kwata. Wanda ya ga rami a gabansa ya ƙi taka shi, hankali ya yi. Kada a ja ta, kada a tura ta. Ki shige gabanta ta ga ƙafarki ta taka wurin, sannan ki ba ta hannu. Akasin haka ma yana faruwa: abubuwa masu launi kusa da juna sai su narke su zama ɗaya. Farin tuwon shinkafa a farin kwano, ruwa a kofin gilashi, farar buta a jikin farin bango. A 2004 masu bincike a Jami'ar Boston ta Amurka suka canza wa wasu maza 9 masu Alzaima da ta yi nisa fararen kwanukansu da jajaye, sai cin abincinsu ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100, shan ruwa kuma da kusan 84. Mutum 9 ba su da yawa, kuma ba wani sirri ba ne a jan launi, domin shuɗi mai kauri ma ya yi aiki. Abin da ake so kwano ya bambanta da abinci, ya kuma bambanta da abin da aka ɗora shi a kai. Gwadawa ba ta cin kuɗi.

Ciwon mantuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma ido yana daga cikin abin da ke taimaka mana mu rarrabe. Akwai nau'in da ake kira na ƙullutun Lewy, wato wasu 'yan ƙananan dunƙule da ke taruwa cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma ina so ki karanta wannan wurin da kyau saboda maganar ruƙiyya da danginku suka kawo. Har kusan 8 cikin 10 na masu wannan nau'i suna ganin abin da babu: yara ƙanana zaune a gefen gado, baƙi tsaye a lungu ba sa magana, maguna ko ƙwari a ƙasa. Rigar da aka rataye takan zama mutum, furen labule ya zama fuska. Hankalinsu yana zuwa yana tafiya, yanzu ana hira da su sarai, an jima sun ƙura wa bango ido kamar ba sa ɗakin. Sukan yi ihu da naushi cikin barci, tafiyarsu ta yi nauyi, jiki ya sandare. Duk wanda ya ji wannan a garinmu, aljanu zai fara ambata. Addu'a ba ta hana magani, kuma ban taɓa hana iyali karanta wa mahaifiyarsu Alƙur'ani ba. Abin da nake roƙo, kada a turnuƙe ta da hayaƙi, kada a yi mata tsawa a kunne, kada a ɗaure ta ko a doke ta da sunan fitar da wani abu. Sannan kada kowa ya je kemis ya karɓo mata maganin kwantar da masu taɓin hankali irin su haloperidol ko Largactil. Da yawa daga masu wannan nau'i jikinsu ba ya ɗaukar waɗannan magunguna, suna iya sandarewa, su fita hayyacinsu, har a rasa rai. Alhali magunguna irin donepezil da rivastigmine, in likita ya rubuta ya kuma kula da bugun zuciya, sukan rage musu gane-ganen su ƙara musu natsuwa.

Wani nau'in, wanda ba shi da yawa, likitoci uku a Toronto ta Kanada suka bayyana shi a 1964, a taƙaice ana ce masa PSP. Shi idon ne ke kasa saurin duban sama da ƙasa. Mutum ba ya ganin kwanon da ke kan cinyarsa, abinci yana zuba masa a ƙirji, ba ya ganin matakala, yana yawan faɗuwa ta baya, ƙiftawa ta ragu har fuskar ta zama kamar ta mai mamaki. Sai kuma wanda ya fi kusa da mu saboda yawan hawan jini da ciwon suga, wato mantuwar da toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke kawowa. In ɓarnar ta faɗa ɓangaren dama, mutum yana iya sakin hagu baki ɗaya: ya cinye rabin tuwo ya ce ya ƙare, ki juya masa kwanon ya ci gaba da ci, ya riƙa bugun ƙofa da kafaɗar hagu. Ki lura ko abubuwan da ke ɓace wa Hajiya kullum a gefe ɗaya suke.

Duk abin da na lissafa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. In kuwa cikin sa'o'i ko kwana biyu ta rikice fiye da yadda kuka san ta, ko ta fara ganin abu biyu-biyu, ko rabin ganinta ya ɗauke, ko ido ya yi ja yana ciwo, wannan na gaggawa ne. Zazzaɓi, ciwon mafitsara, faɗuwar suga, sabon magani ko shanyewar ɓarin jiki duk suna iya jawo haka, kuma a ranar ake zuwa asibiti.

Ban ce ku bar asibitin ido ba. Allon haruffan da ake gwada gani da shi, baƙin harafi ne a kan fari, cikin haske, ana nuna mata shi da sanda, wato an ɗauke mata duk wahalar nema. Tana iya cin wannan jarrabawar ta fito ta kasa gane ƙofar fita. In kun koma, ku faɗa wa likitan tun farko cewa tana da ciwon mantuwa, ku gaya masa labarin kofi da allura, ku nemi a gwada faɗin ganinta ta gefe-gefe, a duba yanar ido, da hawan jinin ido, da ɓarnar suga a bayan ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido kuma ita ke da kusan kashi 43 na makantar. Ƙwaƙwalwar da ke fama da kanta, in aka haɗa mata da hoto mai hazo, wahala ta zama biyu. Raunin gani kaɗai ma yana sa mai cikakken hankali gane-gane. Tun 1760 Charles Bonnet a birnin Janeba, da ke ƙasar Siwizalan a yau, ya rubuta yadda kakansa mai yanar ido yake ganin mutane da tsuntsaye, yana kuma sane da cewa babu su. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sa raunin gani da ba a yi wa magani ba cikin abubuwa 14 masu ƙara haɗarin ciwon mantuwa waɗanda ake iya gyarawa. Kafin nan, wani bincike a Seattle ta Amurka a kan tsofaffi sama da 3,000 ya nuna waɗanda aka cire wa yana haɗarin kamuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100. Cire yana ba zai warkar da mantuwar da ta riga ta kama ba, amma ina jin takaicin yadda ake cewa "ai ta tsufa, a bar ta" a kan aikin da bai kai awa ɗaya ba. Tabarau mai gida biyu, na nesa a sama na karatu a ƙasa, shi ma ku kula da shi, domin yana dusashe ƙasa daidai lokacin da take neman inda za ta sa ƙafa. Gara a raba mata, na tafiya daban, na karatu daban.

Wanda ya kamata ya haɗa zaren duka shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko likitan da ke kula da lafiyar tunanin tsofaffi, kuma ana samunsu a asibitocin koyarwa. Zai gwada motsin idon da yatsa kamar yadda na bayyana, ya sa ta zana agogo ko ta kwaikwayi wani zane. In ba ta saba riƙe biro ba, akwai gwajin da masu bincike a Ibadan da abokan aikinsu na Indianapolis ta Amurka suka tsara saboda tsofaffinmu: a jera tsinken ashana 4 a wata siffa a ce ta jera irinta. Zai nemi gwajin jini na suga da maƙoƙo da bitamin B12, da hoton ƙwaƙwalwa in da hali. Za ki iya cin karo da labarai a intanet cewa na'urar bin motsin ido tana gano Alzaima tun kafin ta bayyana. Bincike ne mai kyau da ake ci gaba da yi, amma yau babu likitan kirki da zai sa wa mutum sunan cutar da wannan kaɗai, kada wani ya karɓi kuɗinku a kai.

A gida, ku rage mata abin kallo. Lokacin cin abinci a kashe talabijin, yara su koma wani wuri, a sa mata abu ɗaya a gaba a kan shimfiɗa marar zane, in ta gama a kawo na biyu. Maimakon "ga shi nan", wadda ba ta nuna mata komai, ki ƙwanƙwasa kofin da cokali ko ki ɗan motsa shi, domin ƙara da motsi suna kiran ido, ko kawai ki sa mata shi a hannu. In za ki yi mata magana ki zo ta gaba, ki yi sallama, ki faɗi sunanki, ki sauko daidai tsayin idonta. Wanda ya ɓullo mata ta gefe ya dafa ta, a wurinta daga sama ya faɗo. In tana magana da ke idonta yana kallon bayan kafaɗarki, ba ƙin ki take yi ba, kuma sau da yawa murya takan isa inda fuska ta kasa. A kunna fitila tun kafin Magariba, domin lokacin da inuwa ke tsawo shi ne lokacin da suka fi rikicewa, a bar ƙaramar fitila mai caji a hanyar bayi duk dare. A shafa fenti mai kauri a gefen matakala da jikin ƙofar bayin, buta ta zama mai launi, darduma mara yawan zane. Kayan ɗakinta su zauna inda ta san su, domin ƙafarta da hannunta sun haddace ɗakin ko da idon ya rikice. In madubi yana tsorata ta, a rufe shi da zane. Tsallaka titi ita kaɗai da zama gaban murhu sun ƙare. Da a ce mahaifinku ne mai tuƙa mota ko babur, da na ce a karɓi makullin yau, da girmamawa amma ba tare da jinkiri ba.

Kafin ranar ganin likita, ki ɗauki ɗan bidiyo da waya, na minti biyu ko uku, lokacin da take neman kofi da lokacin da ta tsaya a bakin ƙofa, ba tare da kin kunyata ta ba. Ki zuba duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har na gargajiya da na barci da na mura, ki tafi da su. Ki kuma roƙi yayanku ya raka ku, ya zauna a ɗakin ya ga gwajin yatsan nan da idonsa.